Yadda Za Ka Kafa Shirin Hira na Fodkas a Bauchi, Daga Sallama a Zaure Har Zuwa Wayar Mai Sauraro

A shekarar 1943 aka buɗe wani zauren tattaunawa a nan Bauchi, inda malaman makarantar Midil da ma'aikatan En'e suke haɗuwa su yi muhawara kan al'amuran ƙasa. Malam Sa'adu Zungur yana ciki, Malam Aminu Kano yana ciki a lokacin da yake koyarwa a garin, haka ma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da ya rage mana daga wannan zaure shi ne ɗan abin da aka rubuta a takarda da wanda dattawa suka riƙe a ka. Muryoyin kuwa, da yadda wani yake tarar numfashin wani, da dariyar da ake yi in an kayar da mutum a hujja, duk sun tafi. In na tuna wannan sai abin ya tsaya mini a rai, domin yau kowannenmu yana yawo da na'urar naɗar murya a aljihu, amma hirarrakin garin nan masu daraja har yanzu a bencin mai shayi suke ƙarewa, ko a tabarmar ƙofar gida, a tashi a kaɗe riga, shi ke nan.

Fodkas shiri ne na murya irin na rediyo, sai dai a intanet ake ɗora shi, mai sauraro ya sauke ya ji lokacin da ya ga dama, yana tuƙi ko yana guga, ko tana tankaɗe a tsakar gida. Ba sai ka sayi fili a gidan rediyo ba. Irin wanda zan yi bayani a kai shi ne na zama da mutum ɗaya ko biyu a yi doguwar hira kan adabi da sana'ar hannu da kiɗa da rayuwar unguwa. Na ɗan jima ina yin sa, kuma zan jera matakan ne yadda suke zuwa a aikace. In na ce "ka", har da ke nake, domin wasu ƙofofin ma ke kaɗai za a buɗe wa.

Kafa turke kafin ka saki akala

Hira mai faɗi tana da daɗi, amma in ba ta da turke sai ta zama surutun majalisa. Ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya da za ta faɗi abin da shirinka yake yi. Tawa ita ce: hira da mutanen ƙasar Bauchi kan abin da hannunsu ko bakinsu ya iya. Wannan jimla ta ba ni damar zama da marubuciya yau, gobe in zauna da maƙeri, jibi da ungozoma, kuma ita ce take hana ni karɓar ɗan siyasar da yake neman wurin tallata kansa.

Bayan haka, tun kafin ka kashe ko naira ɗaya, rubuta sunayen mutum 20 da kake son zama da su. In ka kasa cika 20, shirin zai mutu a fitowa ta huɗu, gara ka sake tunani tun yanzu. A Bauchi cika wannan jeri ba wuya. Akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka ga jirgin ƙasa yana tsayawa a tasharmu bayan layin ya iso a farkon shekarun 1960. Akwai waɗanda suka yi aiki a kamfanin Steyr lokacin da ake harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Sunan unguwar Karofi kansa yana gaya maka cewa an yi rini a wurin, saboda haka ka tambaya, za a nuna maka gidajen marina. Akwai masu zayyanar allo, da makaɗan fada, da masu waƙen bege, da wanzamai, da matan da suke rubuta littattafai suna sayarwa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji masu rubuta waƙa da Turanci da Hausa. Kar kuma ka tsaya cikin ganuwa. Jihar nan tana da harsuna fiye da 50, kuma Bageri ko Bajari ko mutumin Zaar ko Bawarje da zai ba ka labarin waƙoƙin noma na garinsu da Hausa, ya rera maka baiti da harshensu, ya ba ka abin da ba ka samu a ko'ina.

Ka sa tsofaffi a saman jerin. Yaron da yake da shekara 10 lokacin da aka kawo gawar Tafawa Ɓalewa gida a Janairun 1966, yau yana wajen shekara 70. Matashin marubuci zai jira ka zuwa baɗi in Allah ya kai mu. Dattijo ba ka da tabbas.

Zuwa wurin baƙo

A nan ne yawancin masu farawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Saurayi ya yi sallama, ko zama bai gama yi ba ya zaro waya ya kai bakin dattijo, sai dattijon ya ba shi amsoshin da ake ba baƙon da ba a yarda da shi ba: "Alhamdu lillahi, sana'a ce mun gada, gwamnati ta taimaka mana." Ka dawo da minti biyar da ba su da gishiri.

Ziyara biyu za ka yi. Ta farko ka bar waya a aljihu. Ka samu wanda baƙon ya sani ya raka ka, ɗansa ko limamin unguwa ko abokin sana'arsa, in kuma unguwar ba taku ba ce ka fara biyawa ta wurin mai unguwa. Ka riƙe ɗan goro ko turare ko sabulu, gwargwadon ƙarfinka. Ka gaisa gaisuwa cikakkiya, ka faɗi ɗan wane ne kai, sa'an nan ka faɗi abin da ya kawo ka da kalmomin da zai gane. Ni ga yadda nake cewa:

"Baba, hira nake ɗauka da manya, kamar ta rediyo, amma a waya ake ji. Duk mai waya a duniya zai iya jin muryarka, har jikokinka da ke Legas ko Saudiyya. In ka yarda zan dawo ranar da ka zaɓa. In kuma ka faɗi wani abu daga baya ka ga bai dace a ji ba, ka gaya mini, zan cire."

Kar ka rage wannan bayani don tsoron kada ya ƙi. Mutum yana da haƙƙin sanin inda muryarsa za ta kai. A wannan ziyara ta farko kuma za ka ji abin da yake sa idonsa ya yi haske in ya ambata, ka ji sunayen da yake maimaitawa, ka gane ko kunnensa yana da nauyi. Da ka fito ka rubuta duka, a nan tambayoyinka za su fito.

In baƙuwar matar aure ce, ta wurin maigidanta za a bi, kuma mace ce ya kamata ta shiga ta yi hirar. Shirin da ba shi da mace a cikin masu gabatarwa ya rasa waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, ya rasa tatsuniya, ya rasa rabin marubutan garin. Wasu matan za su yarda da murya su ƙi hoto, wasu za su ce a sakaya suna. Duka biyun fodkas yana ɗauka, kuma wannan na cikin abin da ya fi bidiyo da shi a ƙasarmu.

Ranar ɗauka, da zarar ka kunna na'ura, abu na farko shi ne ka faɗi rana da wuri, ka sake tambayarsa ko ya yarda a ɗauka a watsa, ya amsa da bakinsa. Wannan gutsure ba zai fita a shiri ba, amma ka adana shi.

Kayan aiki

Wayar Android da take hannunka ta isa farawa. Abin da ya kamata ka ƙara shi ne ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, mai kai biyu in ka samu, ɗaya naka ɗaya na baƙo. Je da wayarka shagon a kasuwar Wunti ka gwada a gabansu, ka naɗi muryarka ka saurara, domin wasu wayoyin ba su da ramin iyafis, sai da ɗan mahaɗi, wasu makirufon kuma ba sa jituwa da kowace waya. Sai iyafis na sauraro, da fawabank cike da caji, da littafi da biro. Waya ta biyu, ko ta aro ce, ka ajiye ta a tsakaninku tana ɗauka ita ma.

Makirufon ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki. Ka lura da gemu da rawani da bakin hijabi, in suna gogar sa za ka dawo da ƙarar da ba ta gyaruwa. In manhajar naɗar muryarka tana ba da zaɓi, ɗauki WAV, wato nau'in fayil ɗin da ba ya matse murya. Yana cin wuri, kusan megabait 5 a kowane minti ko da a layi ɗaya ne (mono), wato awa guda za ta haura megabait 300, saboda haka ka share wa wayar fili tun a gida.

Wuri da lokaci

Ɗakin da ya fi kyau a ido sau da yawa shi ya fi muni a kunne. Falon siminti mai tayil da silin roba, babu labule babu kafet, amsa-kuwwa yake yi, muryar mutum ta fito kamar daga cikin randa. Ɗakin da ke da katifa da labule da tulin kaya ya fi shi nesa ba kusa ba. Tsohon soron ƙasa mai rufin azara, da tabarma a shimfiɗe, ban taɓa samun wurin da ya kai shi daɗin murya ba. Da ka shiga ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. In tafin ya mutu nan take, zauna. In ya yi ta yawo, nemi wani wuri.

Sai ka yi shiru na minti ɗaya ka saurari unguwar. Kunnen ɗan gari ya saba da janareton maƙwabta da injin markaɗe da hon ɗin Keke Napep har ba ya jin su, makirufo kuwa ba ya sabawa. Fanka dole a kashe ta. A watan Maris da Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma daidai ba ne ka zaunar da tsoho awa guda cikin zufa, don haka a bazara ka yi ɗauka da sassafe. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa a kan rufin kwano zai cinye muryar kowa, in hadari ya haɗo ku dakata. Da hunturu iska ce abokiyar gaba in a waje kuke, ka juya mata baya ka sa wa makirufon ɗan soson da yake zuwa da shi.

Lokacin da ya fi mini albarka shi ne daga hantsi zuwa kafin azahar. Yara sun tafi makaranta, masu markaɗen safe sun gama, kuma akwai sarari mai tsawo babu kiran salla. Tsakanin la'asar da magariba gajere ne, hira tana fara daɗi za a tashi. In kiran salla ya same ku kuna ciki, ka tsayar da ɗauka, ku amsa, ku yi salla, ku dawo. Ranar Juma'a ka bar mutane su huta.

Ba kowace ƙara ce abin gudu ba. Da wata abokiyar aikina ta yi hira da mai tuyar masa, mun yi niyyar a shiga ɗaki, sai Hajiyar ta ce ita ba ta iya magana in hannunta ba ya aiki. Aka zauna a bakin murhu. Kana jin ƙullu yana sauka a tanda yana cuuu, kana jin cokali yana juya masa ɗaya bayan ɗaya, tana bayanin yadda take jiƙa shinkafa tun daren jiya, da yadda take gane ƙullu ya tashi da hanci kafin ta buɗe roba. Wani yaro ya yi sallama da kwano, ta ce, "Ka ce wa innarka sai an jima kaɗan, ina da baƙi." Ba mu cire wannan ba. Ƙarar sana'a tana cikin labari, ta janareto ce take kashe shi.

Kafin a fara, ka sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo. Ka ɗauki daƙiƙa 30 na shirun ɗakin, kowa ya kame, za su yi maka amfani wajen tacewa. Ka gwada muryarku na rabin minti ka saurara da iyafis.

Hirar kanta

Ka shirya tambayoyi kamar 10, ka haddace su, ka ajiye takardar a gefe. Mutum ba ya sakin jiki da wanda yake karanto masa tambaya kamar ɗan sanda.

Fara da abin da yake da sauƙin tunawa kuma yake da daɗin faɗi: gidan da aka haife shi, wanda ya fara koya masa, abin da ya fara yi da hannunsa. Ka guji tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a", ka kuma guji babbar tambaya irin "mene ne muhimmancin adabi ga al'umma?" Wannan lacca take jawowa. Tambayi rana guda, wuri guda, mutum guda. Ga marubuciya: "Anti, a ina kike zama ki yi rubutu, kuma ƙarfe nawa?" "Wace ce ta fara karanta littafinki na farko, me ta ce?" "Akwai tauraruwar da masu karatu suka hana ki kashewa?" Ga mawaƙi: "Malam, wane baiti ne ya fi ba ka wahala, kwana nawa ka yi kana neman amsa-amonsa?" Ga malamin adabi, maimakon ka ce ya ba ka tarihin Sa'adu Zungur tun daga haihuwa har rasuwarsa a 1958, ka ce ya zaɓi baiti biyu da yake ganin ɗalibai ba sa fahimta, ya warware su. In za ku taɓo Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun 1933, kai ma ka karanta shi kafin ka je. Baƙo yana gane wanda ya yi karatu tun a tambaya ta biyu, kuma gwargwadon shirinka gwargwadon abin da zai buɗe maka.

Tambayoyin da suka fi kowanne aiki gajeru ne: "Sai aka yi yaya?" "Wa ya ce haka?" "Yaya ake kiran wannan?" "Nuna mini." In ya ambaci kalmar sana'a da ba ka sani ba, tsaya ka tambaya, domin mai sauraro ma bai sani ba, kuma irin waɗannan kalmomi su ne suke fara ɓacewa.

Akwai ɗabi'armu ta amsa wa mai magana: "na'am", "haka ne", "ƙwarai", "Allah Sarki". A zaure ladabi ne, a cikin shiri kuwa in ta yi yawa tana hawa kan maganar baƙo, kuma ba ta ciruwa. Kar ka daina gaba ɗaya, dattijo zai ɗauka ba ka tare da shi. Ka mayar da yawancinta gyaɗa kai da kallo, ka bar "na'am" ɗin sai ya kai aya.

Sai shiru. Wannan shi ne abin da na fi daɗewa ban koya ba. Na zauna da wani tsohon marini, na tambaye shi ranar da ya yi rini na ƙarshe. Ya ce, "An daɗe," ya yi shiru. Bakina ya ɗauko tambaya ta gaba, sai na ga yana murza tafin hannunsa da babban yatsa, na haɗiye ta. Muka zauna haka kamar daƙiƙa 15, waɗanda a cikin ɗauka suke yi wa mutum tsawon awa. Can sai ya ce, "Ka ga hannun nan? Shekara uku bayan na bari, in na yi alwala ina ganin shuni a gefen farce. Ranar da na duba ban gani ba, ban ci abincin dare ba." Daga nan ya yi minti 20 yana ba ni labarin yadda ake haɗa baba da toka a rami, da yadda mahaifinsa yake ɗanɗana ruwan da harshe ya san ko ya nuna, da yadda aka cike ramukan ɗaya bayan ɗaya aka yi gini a kai. Da na yi waccan tambayar, da duk wannan yana cikinsa har yau.

In hira ta kauce hanya, bar ta ta ɗan yi kiwo, sau da yawa a can ake tsintar abin da ba a zo nema ba. In ta yi nisa sai ka jawo ta da maganarsa: "Baba, ɗazu ka ambaci Sarkin Marina, ban so mu wuce shi ba." Kar ka gyara wa kowa harshe. Wanda ya ce "rigan" ko "motan" da Bausancinsa, ko mutumin Azare da ya zo da Guddirancinsa, a bar shi haka, wannan ma kayan tarihi ne. Awa ɗaya ta isa zama guda da tsoho. Tambayata ta ƙarshe kullum ita ce, "Akwai abin da ban tambaya ba da kake so a ji?" sa'an nan "Wa kake ganin ya kamata in je wurinsa bayan kai?" Ko an yi sallama kar ka yi saurin kashe na'ura, amma in ya faɗi wani abu bayan yana zaton an gama, sai ka nemi izninsa kafin ka sa.

Adanawa, a daren ranar

Na taɓa zama da wata tsohuwa da ta rera mini waƙoƙin niƙa guda shida da ta koya wurin kakarta. Ban sa waya a yanayin jirgi ba, kira ya shigo a tsakiya, manhajar ta tsaya ban lura ba. Na dawo gida da waƙa ɗaya da rabi. Na ce zan koma bayan salla, kafin in koma ciwo ya kwantar da ita, muryar ba ta sake dawowa yadda take ba. Har yau abin yana damuna.

Saboda haka: kana ɗauka kana leƙa allon wayar kana ganin lokaci yana tafiya. Da ka isa gida, kafin ka ci abinci, ka sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata da sunan baƙo, ka kwafe shi wuri biyu, kwamfuta ko memori, da kuma Google Drive, wanda yake ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. In za ka tura wa abokin aiki ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda (Document) don kada a matse shi. Asalin ɗaukar kuma kar ka taɓa yanka ta, kwafi ake tacewa.

Tacewa

In kana da kwamfuta, Audacity kyauta ne kuma ya isa. In waya ce kaɗai, Lexis Audio Editor yana yin yanka da haɗi. Fara da sauraron hirar gaba ɗaya da biro a hannu, kana rubuta minti da abin da aka faɗa, kana sa alama a inda jikinka ya yi yar. Sa'an nan ka yanke gaisuwar da ta yi tsawo, da maimaici, da inda aka shigo aka katse ku, da dogayen tambayoyinka. Yawancin abin da nake zubarwa maganata ce. Shirun da yake ɗauke da ma'ana, irin na marinin nan, ka bar shi. Ka kiyaye amana: kar ka ɗauko rabin jimla daga nan ka liƙa da rabi daga can har mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Daƙiƙa 30 ɗin nan na shiru, a Audacity za ka zaɓe su ka nuna wa sashen rage ƙara cewa wannan ce ƙarar ɗakin, sai ya rage ta a dukkan hirar. Ka taɓa kaɗan, in ka matsa murya za ta koma kamar ta cikin ruwa. Ka daidaita ƙarfin muryarka da ta baƙo, sa'an nan ka saurara a lasifikar ƙaramar waya, domin da ita yawancin mutanenka za su ji.

Gabatarwa kar ta wuce minti ɗaya: sallama, sunan shiri, wane ne baƙo, a ina kuka zauna. Minti 25 zuwa 40 ya ishi fitowa guda, in hirar ta fi haka kuma duk tana da daɗi, raba ta biyu. Ka fitar da ita a MP3, layi ɗaya, a kan 64 kbps (awon nauyin sautin ke nan). A haka minti 30 bai wuce megabait 15 ba, alhali a 128 zai kusan kai 30, kuma ga maganar baka kunne ba zai ji bambancin kirki ba. Mai sayen data ta kwana ɗaya zai ji bambancin a aljihunsa.

Haƙƙin mutane

Kar ka ɗauko waƙar wani ka yi kiɗan buɗe shiri da ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare mawaƙa da marubuta, YouTube kuma yana iya toshe fitowar gaba ɗaya. Nemi mai gurmi ko mai sarewa a garinku, ka biya shi ya kaɗa maka daƙiƙa 20, ku yi yarjejeniya a rubuce, ka riƙa ambatonsa. Marubuci in zai karanta daga littafinsa, shafi ɗaya ko biyu ya isa, ka kuma faɗi inda ake samun littafin.

In baƙo ya kama sunan wani ya zarge shi da cin kuɗi ko satar fasaha, kai da ka watsa kana cikin alhakin. Ko ka nemi ɗaya ɓangaren, ko ka cire sunan. Maganar da ta taɓa addini ko ƙabila ko rikicin sarauta kuma, mu a jihar nan mun san abin da kalma ɗaya take iya haifarwa. A tattauna, amma ka saurari wannan sashe sau biyu, ka kuma ba wani mai hankali daga ɗaya gefen ya ji kafin ya fita.

Fitarwa

Kar ka saki fitowa ta farko sai kana da uku a ajiye, domin rashin lafiya da biki da rasuwa za su zo, kuma mai sauraro in ya leƙo sau biyu bai ga sabo ba ya tafi. Zaɓi abin da za ka iya riƙewa, ko sau biyu a wata ne, ka tsaya a kai.

Buɗe asusu a Spotify for Creators, kyauta ne, ka ɗora shirin, shi zai ba ka adireshin RSS, wato mahaɗin da manhajoji suke bi su ɗauko shirinka, da za ka miƙa wa Apple Podcasts da sauran manhajoji. Za a nemi hoton shiri mai kusurwa huɗu daidai, aƙalla fiksel 1400 sau 1400. Sai dai ka sani, mutanen Jahun da Nassarawo da Yalwa ba a can suka fi yawa ba. Ka haɗa muryar da hoto guda ka ɗora a YouTube da Facebook, ka sa a Audiomack, ka buɗe zauren WhatsApp ko tashar Telegram inda za a sauke fayil ɗin kai tsaye. Ka yanko minti ɗaya mafi daɗi ka sa a sitatus. Ka kai wa masu tura waƙoƙi a memori a kasuwa kyauta, su zuba wa direbobi da masu shago da dattawa masu rediyo mai cin memori. A ƙarƙashin kowace fitowa ka rubuta bayani da Hausa, da sunan sana'a da unguwa da kalmomin da aka ambata, don ɗalibin da zai zo nema bayan shekara goma ya samu.

Kuɗi ba za su zo da wuri ba, kar ka ci bashi a kan wannan aiki. In shirin ya kafu, mai shagon littattafai ko mai ɗinki ko makarantar unguwa za su iya ɗaukar nauyin fitowa, ka faɗi sunansu a fili a farkon shiri, kuma kada wanda ya biya ya zaɓa maka baƙo.

Mataki na ƙarshe a kowace fitowa shi ne komawa. Ka sa hirar a memori, har da cikakkiyar da ba a yanka ba, ka kai wa baƙon ko 'ya'yansa, nasu ne. Da na koma wurin marinin nan, a zaurensa muka kunna, ya sa aka kira jikokinsa suka zauna. Da aka zo wurin ɗanɗana ruwan baba, wani ƙaraminsu ya juyo ya ce, "Kaka, da gaske da harshe?" Tsohon ya ce in tsayar, ya aiki yaron cikin gida ya ɗauko wani tsohon zane baƙi mai sheƙi daga ƙasan adaka, ya shimfiɗa a cinyarsa, ya ce in sake kunna na'urar, akwai abin da ya manta bai faɗa ba.